Yashin da Ke Haska Cuta a Cikin Jiki

   

An sha tambayata wane irin karatu na yi da har yau ba a ga na buɗe kemis ba, ba a kuma gan ni a asibiti ina duba marasa lafiya ba. Wasu sun ɗauka likita ne ni, har akan kira ni a waya a ce yaro na zazzaɓi, wane magani za a saya. Ni dai ba likita ba ne. Kimiyyar sinadarai na karanta, kuma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne haɗa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi daga sinadarin da ke cikin yashi, a ɗura musu rini mai ƙyalli, domin idan sun shiga nama ko jini su haska wurin da cuta take. Yau na ce bari in zauna in yi bayanin abin da harshen da duk muke ji, don ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Mu fara da hasken. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ɗan canji ko mai POS wataƙila ya ga 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da ake haska takardar kuɗi da ita don gane jabu. Da hasken ya faɗa kan kuɗin gaske sai wasu alamun da ba a gani da rana su fito suna ƙyalli. Ka ɗauki wannan tocilar ka haska kunama da dare, za ka ga duk jikinta ya ɗauki wani haske tsakanin shuɗi da kore. Ka jiƙa garin gangamau a cikin sifirit ka haska, shi ma zai yi ta ƙyalli. Sirrin guda ne: akwai sinadaran da ke haɗiye haske mai wani launi, nan take su amayar da shi da wani launin daban. Kana kashe tocila suna yin shiru.

Tun 1845 wani masani a Ingila, John Herschel, ya lura da irin wannan shuɗin a ruwan kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan a 1852 George Stokes ya yi bayanin yadda abin yake. Wanda ya shigo da shi aikin lafiya gadan-gadan shi ne Albert Coons na jami'ar Harvard a Amurka. A 1941 ya ɗaura irin wannan rini a jikin sinadaran garkuwar jiki, waɗanda kowannensu abokin gaba guda ya sani, shi kaɗai yake bi ya kama. Duk inda suka kama sai wurin ya haska a ƙarƙashin madubin likita. Ke nan an samu ɗan aike mai riƙe da fitila.

Sai dai rinin yana da rauni biyu. Na farko, haskensa ƙanƙani ne idan shi kaɗai ne. Na biyu, yana koɗewa. Duk macen da ta taɓa mantawa da atamfa a kan igiya ta san abin da rana ke yi wa launi. A ƙarƙashin madubin likita kuwa hasken ya fi ƙarfi, don haka cikin 'yan mintoci, wani lokacin ma daƙiƙoƙi, abin da kake kallo zai dushe a idonka kafin ka gama ƙirga. Iskar da muke shaƙa tana cikin abin da ke cinye shi. Dabarar da aka samo ita ce a tara rinin da yawa wuri guda, a gina masa ɗaki mai bango garai kamar gilashi, wanda haske zai shiga ya fita amma ruwa da iska ba za su riƙa kai masa farmaki ba. Abin da ake gina ɗakin da shi shi ne silika.

Kada sunan ya ba ku tsoro. Silika ita ce mafi yawan abin da ke cikin yashin rafi da farin dutsen nan mai ƙyalli da yara ke tsinta. Da ita ake yin gilashi da kwalba. Mu mutanen Jaba ma muna da tsohuwar alaƙa da ita. A 1928 masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu na farko a kusa da ƙauyen Nok, nan ƙaramar hukumarmu, kuma daga 1943 Bernard Fagg ya duƙufa kan nazarinsu har duniya ta san sunan Nok. Idan ka dubi ɓallin irin wannan gunki za ka ga tsakuwoyi ƙanana a cikin yumɓun. Ɗaya daga cikin hanyoyin auna shekarun kayan yumɓu ita ce a ɗebi ɗan gari daga jikinsu a dumama shi da wuta mai ƙarfi, sai waɗannan ƙwayoyin yashi su saki wani ɗan haske da suka daɗe suna tarawa tun ranar da aka gasa su. Yawan hasken shi ke nuna tsawon zamanin. Wannan hasken daban yake da na rinin da nake magana a kai, amma duk lokacin da na tuna cewa yashin ƙasarmu ya riƙe labarin fiye da shekara 2,000 har aka zo aka karanta, sai in ji aikina ba baƙo ba ne a gida.

Yanzu batun ƙanƙanta. Ku dubi rula ta 'yan makaranta, ku ga tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu, wato milimita ɗaya. A raba wannan tazarar gida 1,000,000, kashi ɗaya shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai wajen nanomita 80,000. Jar ƙwayar jini guda tana da faɗin kusan 7,000 zuwa 8,000. Ƙwayoyin da na fi haɗawa kuwa ba su wuce nanomita 50 zuwa 100 ba. Ƙurar hunturu ma ƙatuwa ce a kansu.

Hanyar da muke bi wajen haɗa su ta kwana biyu a duniya. A 1968 Werner Stöber da abokan aikinsa biyu suka wallafa ta, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Kayan haɗin huɗu ne. Akwai wani ruwa garai da ake kira TEOS, shi ke ɗauke da asalin silikar. Akwai itanol, wato barasa tsantsa ta ɗakin gwaje-gwaje. Akwai tataccen ruwa. Sai amoniya, mai warin nan da ke sa hawaye. Ana zuba itanol da ruwa da amoniya a kwalba, a jefa ɗan maganaɗisu a ciki ya yi ta juyawa, sannan a zuba TEOS. Ruwan zai farfasa shi, amoniya ta hanzarta aikin, gutsattsarin su riƙa kama juna suna dunƙulewa. Da farko ba ka ganin komai. Can sai ruwan ya soma hazo-hazo, ya koma kamar farau-farau. Wannan farin shi ne shaidar cewa ƙwallaye biliyoyi sun haifu a cikin kwalbar, kusan duk girmansu ɗaya. Idan ka ƙara amoniya sukan fi girma, idan ka ƙara zafi sukan fi ƙanƙanta. Da wannan hanyar ana iya samun daga wajen nanomita 50 har 2,000, ya danganta da awonka.

Shigar da rinin shi ne wurin da ake gane gwani. Idan ka zuba shi haka kawai, zai shiga amma daga baya ya yoyo ya fita, ya je ya haska inda babu cuta, ya yi wa likita ƙarya. Saboda haka ana fara ɗaure shi da wani sinadari mai hannu biyu: hannu ɗaya ya riƙe rinin, ɗayan ya riƙe silika. Wasu masana biyu na jami'ar Utrecht a Holand, van Blaaderen da Vrij, su suka nuna wannan dabara a 1992. Ana naɗe kwalbar da takardar alminiyom don kada haske ya taɓa ta, a bar ta tana juyawa har ta kwana. Kashegari a ƙara TEOS ya yi wa ƙwayar ɓawo mai tsabta a waje. Ka ga ta zama kamar ƙwai, gwaiduwa mai haske a ciki, ɓawo a waje. Wani abin mamaki kuma, yawan rini ba shi ne yawan haske ba. Idan ka cusa shi ya yi yawa, sai ƙwayoyinsa su matsi juna su kashe hasken juna. Kamar gishiri ne a miya, akwai inda ake tsayawa.

Daga nan sai wanki. Ana sa ruwan a wata na'ura mai wulwulawa da gudun tsiya, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba, a tsiyaye na sama, a zuba sabo, a sake. Haka za ka yi ta yi har sai ruwan da ka tsiyaye ya daina ƙyalli. Mataki na ƙarshe shi ne a yi wa ƙwayar riga da wani sinadari mai santsi da ake kira PEG don kada ta manne da abubuwan da ke cikin jini, sannan a liƙa mata ɗan mabuɗin da ya dace da ƙofar ƙwayar cutar da ake nema kaɗai. Ranar da na fara kashe fitilar ɗakin gwaji na haska kwalbata, na ga koren nan ya tashi a cikin duhu, na daɗe a tsaye ban ce komai ba.

Waɗanda suka fi kowa nisa a wannan fage su ne ƙungiyar Ulrich Wiesner na jami'ar Cornell a Amurka. A 2005 suka nuna ƙwayoyin silika masu rini a ciki da haskensu ya ninka na rinin tsura fiye da sau 20. Daga baya suka rage girmansu zuwa ƙasa da nanomita 10. Dalilin ragewar mai muhimmanci ne: abu mai wannan ƙanƙanta ƙoda tana iya tace shi ya fita ta fitsari, ba zai taru a hanta ya zauna ba. Tare da likita Michelle Bradbury ta asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering a birnin New York suka gwada su a jikin mutane, aka wallafa sakamakon farko a 2014. Marasa lafiya biyar ne, dukkansu masu sankarar fata da ake kira melanoma wadda ta riga ta bazu. Ƙwayoyin ba su cutar da su ba, kuma akasarinsu sun fita ta fitsari.

Wannan sunan, melanoma, ba a littafi kawai na san shi ba. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, manomin citta ne tun tasowarsa. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, kusa da diddige. Da yake mutumin gona ne, kowa ya ce ƙaya ce ta karye a ciki, ko faso ne ya yi tsanani. Ya shafa wannan, ya ɗaura wancan. Abin ba ya ciwo sosai, don haka bai hana shi zuwa gona ba har damina biyu. Sai da ya zama gyambo mai zubar jini, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ta ƙi komawa, sannan aka kai shi asibiti. Daga nan aka tura mu wani babban asibiti, aka yanki ɗan nama aka auna. Likita ya kira ni gefe ya ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta wuce ƙafar.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan cuta ta Turawa ce kawai. Gaskiya ta fi yawa a wurinsu, amma baƙar fata ma na samunta, kuma a wurinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da ba wanda ke dubawa.

Wata rana ina zaune a gefen gadonsa ya ce da ni, "Ɗana, kai da kake ta karatun nan, babu wani abu a kwalabenka da zai yi mini?" Na ce, "Kawu, abin da nake haɗawa fitila ce kawai, tana nuna inda ciwo yake, ba ta warkarwa." Ya yi shiru, can ya ce, "To ai fitila tun da magariba ake kunna ta." Bai kai kakar citta ta gaba ba. Allah Ya jiƙansa.

Bari in faɗi inda irin wannan fitila ke da amfani ga mai irin ciwonsa idan an zo da wuri. Sankara idan za ta bar mazauninta, takan bi wasu siraran hanyoyin ruwan jiki ta fara yada zango a kaluluwa mafi kusa. Likitan fiɗa yana son sanin wace ce ta farkon. Idan ya bar wadda ta kamu, cutar za ta dawo. Idan kuma ya kwashe duka don gudun kuskure, ƙafar na iya kumbura kumburin da ba ya saɓewa, manomi ya rasa ƙafar noma. Idan aka yi allurar ƙwayoyin a gefen tabon, sukan bi hanyar da sankarar za ta bi, su taru a kaluluwar farko, ta haska a na'urar ɗaukar hoto yayin da ake fiɗar. Sai a cire ita a auna. An gwada wannan ma a wancan asibitin na New York.

A nan dole in ja kunnenmu. Har yanzu waɗannan ƙwayoyi a matakin gwaji suke, ko a Amurka ba a sayar da su a kemis. Duk wanda ya zo muku a kasuwa, ko a mota, ko ta WhatsApp da wata kwalba ya ce maganin nano ne mai kashe kansa da ciwon suga da hawan jini a lokaci guda, ku riƙe kuɗinku. Ɗan damfara ne ya ari sunan kimiyya ya yafa. Kuma kada wani ya ji na ce yashi ya ɗauka ƙurar dutse ba ta da illa. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da ke shaƙar ƙurarsa shekara da shekaru sukan kamu da ciwon huhun da ba ya warkewa. Ku riƙa rufe hanci.

Amma 'yan uwan wannan aiki sun riga sun iso garinmu, ba mu sani ba ne kawai. 'Yar na'urar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a asibitin sha-ka-tafi, jan layin da ke fitowa a yawancinsu ƙwayoyin zinariya ne 'yan nanomita kaɗan, waɗanda tsabar ƙanƙanta ta sa launinsu ya koma ja. A gwajin tarin fuka kuma ana rina kaki da wani rini mai suna oramin, ƙwayoyin cutar su fito suna ƙyalli kamar 'yan sanduna a cikin duhu. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma amfani da madubin likita mai irin wannan haske, don ya fi saurin gano su. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta. Abin da ya rage mana shi ne mu je a auna mu. Mu manoman citta mun ga darasin a 2023, lokacin da cuta ta cinye gonaki a Jaba da Kachia da Kagarko. Kafin ganye ya yi rawaya ido ya gani, saiwar ta riga ta ruɓe a ƙasa. Jikin mutum ma haka yake.

To, mu za mu iya haɗa irin waɗannan ƙwayoyi a nan? Kayan farko dai muna da su har muna ƙonawa. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injin casa, idan aka ƙone shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, kuma mafi yawan tokar silika ce. Ana wanke ɓuntun da asid, a ƙone shi a zafin da ya kai digiri 600 zuwa 700 har tokar ta yi fari, a narkar da ita da sodar da mata ke yin sabulu da ita, sannan a mayar da ita silika mai laushi. Idan zafin ya zarce sosai, silikar takan rikiɗe ta koma irin mai cutar da huhu, don haka sai da tanda mai ma'aunin zafi. Masu bincike a ƙasashe da dama suna wannan aiki, har da jami'o'in Najeriya.

Abin da ke karya mana gwiwa a wani wurin yake. A ɗakin gwajin da na yi aiki, sau da yawa za ka ɗora haɗi ya kwana yana juyawa, tsakar dare a ɗauke wuta, da safe ka tarar ƙwayoyin sun cure kamar tuwon da ya yi gudaji, aikin mako guda ya tafi. Rinin sai an yi odarsa daga waje da dala, kuma yana son sanyi da duhu tun daga can har ya iso hannunka. Tataccen ruwa ma wani lokaci aiki ne. Ga babbar matsalar: madubin likita na yau da kullum ba ya ganin ƙwaya mai nanomita 50, sai na'ura ta musamman mai aiki da lantarki, irinta kuma kaɗan ce a ƙasar nan. Ka aika samfur wani gari ka yi makonni kana jiran hoto kafin ka san ko abin da ka haɗa ya yi. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Na zauna da yaran ƙauyukanmu da hannunsu ya fi nawa daidaito wurin awo.

Saboda haka ina da roƙo ga iyaye. Idan yaro ko yarinya suka samu gurbin karanta kimiyyar sinadarai, ko fizis, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna ko wata makaranta, kada a ce sun faɗi don ba su samu likitanci ba. Likita da abin da mai gwaji ya nuna masa yake aiki. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, inda ɗalibi zai iya neman zuwa koyon aiki. Ku malaman sakandare kuma, tocilar gane jabu da garin gangamau da ɗan sifirit ba su fi ƙarfin aljihu ba. Ku rufe tagogin aji ku nuna wa yara wannan hasken sau ɗaya. Gani ya kori ji.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauƙi. Yau da dare, idan an dawo daga gona an yi wanka, ku dubi tafin ƙafar tsofaffinku. Baƙin tabon da ke ƙara faɗi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙullutu a mama, kaluluwar da ta ƙi komawa, tarin da ya wuce mako biyu, duk a kai asibiti a auna tun ana iya yin wani abu. Wanda yake da tambaya kan abin da na rubuta ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa iyakar sanina. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a gonakinmu da karatun yaranmu.